Kayan aski na katakon ganga da na saya a Jidda, wai da gaske baya jin ruwa?

Masu ta tambayata maganar kayan askin nan na katako, to ga bayani a wuri ɗaya kowa ya huta, don wallahi na gaji da amsa mutum ɗaya-ɗaya, wani sai tsakar dare zai bugo yace nawa ka saya, baya lalacewa a banɗaki? Kayan guda huɗu ne, mariƙin reza, buroshin kumfa, kwanon sabulu mai murfi, sai ɗan abin da ake rataye rezar da buroshin a jikinsa. Duka da katakon tsohuwar ganga aka yi su, irin gangar katakon nan mai tumbi da ɗamarar ƙarfe da ake gani a ƙofar gidajen gahawa an maida ita tebur. Na jima ina amfani da su, sun sha zafin Jidda sun sha laimarta, saboda haka ba ɗokin sabon abu ne zai yi magana ba. Reza dai ba a cewa komai, buroshi ya yi amma yana son lallaɓa, abin ratayar yana da aibun da ake iya gyarawa, kwanon kuwa da zan sake saye ba na wannan katakon zan ɗauka ba.

Mai yin su wani dattijo ne ɗan uwanmu, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo a ƙasa ta Sudan ya tsallako teku daga Sawakin. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci, sai yace maka ya waladi sau uku kafin yace ɗana sau ɗaya. Kowa Kawu yake ce masa, nima haka. Asalin sana'arsa ƙofofi da kabad, da can shagonsa a unguwar Sabil ta Jidda yake, da rusau na 2022 ya biyo ta kansu sai ya koma can kudancin gari, wani ɗan shago a lungu wanda in ba a yi maka kwatance da kyau ba zaka yi ta wuce shi. Kayan askin ba su ke ciyar da shi ba, da yamma yake taɓawa in aiki ya yi sauƙi, ku riƙe wannan don zai dawo in na zo maganar alƙawari.

Gangunan ba a nan ake yinsu ba, wannan kowa ya sani. Masu kayan ado ne suke shigo da su babu komai a ciki don gidajen gahawa da wuraren shaƙatawa, wasu a raba su biyu a shuka fulawa. To ganga in ta zauna wayam a ranar ƙasar nan sai katakon ya tsotse, ɗamarar ta saki ta zame ƙasa, wata rana a zo ɗagawa ta wargaje a hannu. Irin waɗannan Kawu yake bi yana saye da araha, wani lokaci wajen masu gahawar wani lokaci a harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo ta Jidda. Mafi yawansu daga Amurka suka taso kuma akwai dalili. Dokar can ta ce wiskin da suke kira burbon, wanda galibi a jihar Kentaki ake yinsa, dole a sabuwar gangar itacen ok da aka babbake cikinta za a ajiye shi, ba a maimaita masa ganga. Kenan sau ɗaya kowacce take musu aiki sai su sayar, 'yan Sikotland da Ailan su saya su zuba nasu shekara da shekaru, in ta gaji a tura ta kasuwar kayan ado. Ta Amurkan galan 53 take ci, wajen lita 200 kenan, ta giyar inabi ta Faransa kuma lita 225. Eh na san inda hankalinku ya tafi, zan zo wurin, ku bari in gama da katakon tukuna.

Itacen ok, ballut inji Larabawa, iri-iri ne amma na ganga fari ake nema. Kowane itace yana da 'yan ƙananan hanyoyi a cikinsa da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye lokacin yana tsaye. A jan ok hanyoyin nan a buɗe suke zama ko bayan an sare shi, a fari kuwa itacen da kansa yake toshe su da wasu 'yan ƙullutai da ke tsirowa a ciki. Kawu ya nuna min da idona, ya ɗauko guntun ja mai tsawon yatsa ya tsoma baki ɗaya a ruwan sabulu ya hura ɗaya bakin, sai ga kumfa tana tashi. Ya miƙo min na gangar yace ɗana hura, na hura har kunnena ya toshe ko alama babu. Sannan ba irin yankan katakon rufi ake yi masa ba, gungumen ake tsagawa gida huɗu a fitar da fallayen daga tsakiya zuwa baya, irin wannan yankan baya karkacewa sosai kuma kumburinsa kusan rabin na yankan da aka saba ne. Shi ne ma yake fito da wani zane mai walƙiya a jikin katakon, layi-layi a gicciye, in haske ya dake shi sai kaga kamar yana motsi, duk kyan kayan nan daga wurin yake.

To daga nan masu talla a intanet suke ɗauko maganarsu, wai katakon da ya riƙe ruwa shekara goma ruwan banɗakinka ne zai gagare shi? Maganar akwai daɗin ji amma rabinta ce gaskiya. Ganga babu gam tsakanin fallayenta, abin da ke hana ta yoyo shi ne katakon yana shan abin da aka zuba, ya kumbura, fallayen su matse juna a cikin ɗamara. Wato ai aikinta ma shan ruwa ne. Ruwa baya ratsa ta ya fita waje amma yana shiga jikinta, kuma abin da ya kumbura yau in ya bushe gobe zai koma, shi ya sa ma gangunan suke wargajewa har su faɗo hannun Kawu. Mariƙin reza ko kwano kuwa babu ɗamarar da zata riƙe su, kullum a jiƙa a busar a jiƙa a busar, wannan kai-komon shi ke fasa katako. Abin da ya sa na yarda da dattijon nan bai yi min wannan tallar ba. Da nace Kawu an ce baya jin ruwa, sai ya yi dariya yace ya waladi wanda ya faɗa maka haka bai taɓa riƙe zarto ba, katako katako ne, abin da na shafa masa shi ke tare ruwa, alherin farin ok kawai in ruwan ya samu kafa ya shiga baya saurin ruɓewa.

Akwai masu wannan sana'a a waje da suke saka katako a tukunyar da ake zuƙe wa iska, a cika ramukansa da ruwan roba a gasa, ya fito rabinsa katako rabinsa roba, irin wannan kam ruwa baya masa komai sosai. Amma abin dariyar farin ok baya karɓar wannan aikin da kyau, toshewar da ta sa ya yi suna ita ce take hana robar shiga. Saboda haka komai ya dawo kan shafin waje da hannun wanda ya shafa.

Yanzu maganar giya. Ni ba malami bane, kar wani ya je yace na bada fatawa. Abin da aka sani mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suna ɗaukar giya najasa ce, a Muhtasar ma da iyayenmu suka karanta a zaure akwai cewa tukunyar ƙasa in najasa mai ratsawa ta shige ta wanki baya tsarkake ta. Akwai kuma malamai, cikinsu har da Shehu Ibn Usaimin na nan ƙasar, da suke ganin haramcin sha yana nan daram amma ita kanta ba najasar da ke ɓata jiki ko tufa bace. Masu sauƙaƙawa kan kawo hadisin Abu Sa'alaba kan kwanukan Ahlul Kitabi, cewa in ba a samu wasu ba a wanke su a yi amfani da su. Kowa ya tambayi malaminsa. Ni abin da ido ke gani zan faɗa, fallen ganga kaurinsa wajen inci ɗaya ne, in an yanka shi a gicciye zaka ga baƙin gawayi a fuskar ciki, bayansa wani layi mai duhu inda abin ya tsaya, daga nan zuwa baya katako ne tas. Kawu yana yanke gawayin da layin gaba ɗaya ya zubar, da na bayan yake aiki. A Amurka da Turai gawayin nan shi ne abin so, a bar shi a jiki har a buga sunan kamfanin giyar ana alfahari, a nan kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Na shinshina nawa tun kafin a shafa masa komai, ƙamshin katako ne kawai mai ɗan zaƙi-zaƙi wanda shi ok ɗin dama yana da shi. Wanda zuciyarsa bata kwanta ba dan Allah kar ya takura kansa, Kawu yana yin irinsu da saj, katakon da Turawa ke kira teak, na tsofaffin ƙofofi, kuma zaku ji a ƙasa ta wani wajen ma ya fi.

Mariƙin reza shi ne zakaran kayan. Da yake siriri ne guntu ɗaya ya isa, babu haɗi babu gam. Bayan ya fiƙe shi a inji ya goge da samfefa, sufa gulu yake shafa masa, eh wannan dai da ake liƙe takalmi, shafi kan shafi har ya yi kauri sannan ya goge ya yi sheƙi. Ba shi ya ƙirƙiro ba, masu yin biro na katako haka suke yi. Ruwa in ya zuba a kai dunƙulewa yake ya gangare. Bakunan biyu na sama da na ƙasa, inda nan ne katako ya fi shan ruwa, ya toshe su da tagulla ya cika ƙarƙashinta da ifoksi, wani gam mai ƙarfi da baya jin ruwa. Har yau ban ga tsagewa ba ban ga dushewa ba, kuma shi ne ya fi kowa shiga ƙarƙashin famfo. Zaren ƙusar irin na kowa ne mai milimita 5, mafi yawan kan rezar nan da ake kwancewa gida uku zai hau. Kan da yake ɗorawa na kasuwa ne ba shi yake yi ba, ƙarfen zubi ne da aka yi wa rufin kurom, yana aski lafiya amma irinsu in rufin ya ɗaye daga wajen zare suke fara cinyewa, mai hali ya sayi kan da baya tsatsa ya ɗora ya huta. Aibunsa ɗaya santsi. Hannu da kumfa, mariƙi sumul, kana aske ƙeya baka ganin abin da kake yi, to sai a hankali. Nace Kawu ko zaka yi min 'yan zobba a jiki, yace yanzu sai an kankare shafin duka an sake, saboda haka mai yin oda ya faɗa tun farko. Dabarar da nake yi ina goga jiƙaƙƙun yatsuna a jikin alimun kafin in riƙe, shikenan ya kama gam.

Ni dai gemuna yana nan, kar a fara, kai nake askewa da wuya da gefen kumatu. Mu masu murɗaɗɗen gashi kun san wahalar ƙurajen aski, gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata ƙeya ta yi ruɗu-ruɗu, rezar nan mai baki uku ko biyar kuma janyo gashin take ta yanke shi ƙasa da fata, shi ya sa likitocin fata suke ba irinmu shawarar mai baki ɗaya. Tun da na koma wannan, ina bin kwanciyar gashi bana danna hannu, ƙeyata ta huta. Amma tsakani da Allah wannan ba aikin katako bane, mariƙin riyal goma ma zai maka haka. Rezar da nake sawa Astra ce ko Derby ta Turkiyya ko Shark ta Masar, Feather ta Japan kuwa kaifinta ba na sabon shiga bane.

Buroshi nan ne aikin hannu ya fi fitowa kuma nan ne abin tsoron yake. Mariƙinsa mai kauri ne, falle ɗaya bayan an yanke masa ciki baya isa, sai an haɗa uku da gam an matse sannan a fiƙe. In ka duba da kyau zaka ga layin haɗin. Kawu yana juya fallayen yadda zanen zai fuskanci juna, abin ya yi kyau ba kaɗan ba, amma duk inda haɗi yake nan ruwa zai fara neman hanya. Shi ifoksi yake sawa ba farin gam na kafintoci ba, kuma duk wanda zaku saya a wurinsa ku yi masa wannan tambayar, in yace farin gam ku ajiye masa abinsa. Wuri na biyu ramin da ake dasa gashin, ruwa yana bin gashi ya gangara ya kwanta a ramin, in ba a shafe cikinsa ba daga ciki katakon zai kumbura ya fasa bakin ba ka sani ba. Nawa an shafe, amma duk da haka akwai wani siririn farin layi da ya fito a bakin inda shafin ya ɗan rabu da katako, bai ƙaru ba amma ina sa masa ido.

Sai maganar gashin kansa, wadda a ganina ta fi ta ganga muhimmanci amma ba mai yinta. Buroshin aski na gargajiya a Turai gashin dabba ne. Masu tsadar na wata dabbar daji ce mai haƙa rami, masu arahar kuwa da yawansu gashin alade ne, na Italiya da Fotugal har suna suka yi a kansa, mutum bai karanta kwali ba ya saya ya riƙa shafawa a fuska kullum safiya sannan ya zo yana tambayar hukuncin ganga. Akwai na gashin doki, 'yan Sifen na yi. Kawu na roba kawai yake dasawa mai faɗin milimita 24, kuma na yanzu ba irin na da bane mai sukar mutum, laushi gare shi, baya wari, baya buƙatar a tsoma shi a kofi ya jiƙa kafin aski kuma yana bushewa da wuri. Wannan shi ya fi yi wa katakon rana, don mariƙin da baya zama cikin ruwa rabin matsalarsa ta ƙare. Da sabulun Arko yana tada kumfa cikin ƙanƙanin lokaci, mai kauri ba mai iska ba. Gargaɗi ga 'yan Jidda da Makka, kun san ruwan tankin saman bene da azahar a watan Yuli, ko alwala sai ka tara ka jira ya huce. Kar ku sakar wa buroshi wannan ruwan, zafi yana sassauta gam yana kuma lanƙwasa bakin gashin roba, in ya lanƙwashe kuwa baya miƙewa.

Kwano, hmm. A ido shi ya fi komai kyau, duk wanda ya shigo shi yake fara ɗauka yana juyawa. Guntaye da yawa aka jera zobe kan zobe aka haɗa sannan aka rarake, kaga haɗi ko'ina kenan. Kuma shi ba sufa gulu aka sa masa ba, Kawu yace a abu mai faɗi in katakon ya motsa fashewa take yi, man tung ya shafa masa da kakin zuma. Mai yana shiga jikin katako ya rage masa shan ruwa amma baya rufe shi ruf, sabulu kuma aikinsa kenan cin maiƙo. To ka haɗa lissafin, kwano mai shafin mai kullum ana cika shi da kumfa mai ɗumi. Ba a daɗe ba cikin ya dushe ya yi kaushi, murfin da yake shiga sumul ya fara cijewa sai na murɗa da ƙarfi, in ya kwana a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma sai ya saki har yana rawa. Wajen Agusta da Satumba, lokacin da zaka fito daga gida tabarau ya yi maka gumi, funfuna ta fito a gefen murfin ta ciki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cin tuwo a akushi ya san dokar, ana gamawa a wanke a kife a inuwa, ba a barinsa cikin ruwan wanke-wanke ba a shanya shi a rana, lokaci-lokaci a shafa masa mai. Kwanon nan haka yake so a yi masa, ni kuma da asuba ina saurin kama hanya kafin titin Haramain ya cushe ina naga wannan lokacin.

Na mayar masa, bai yi musu ba, ya goge ya sake shafawa bai karɓi ko halala ba, yace ɗana daina haɗa kumfa a ciki, ajiye busasshen sabulu kawai, kumfar ka haɗa a fuska ko a kwanon silba. Haka nake yi yanzu kuma lafiya lau, amma kaga ai ya tashi daga kwano ya koma ma'aji. A nan ne saj ya fi. Saj yana da maiƙonsa na halitta a jiki shi ya sa tun tale-tale ake yin jiragen ruwa da shi, ku je Balad, tsohon garin Jidda, ku ɗaga kai ku kalli rawashin, wato tagogin katakon tsofaffin gidajen nan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2014, da yawansu katakon da aka kawo ta teku daga Indiya da Jawa ne, sun haura shekara ɗari suna shan iskar gishiri. Kawu baya son aikinsa don yana dakusar masa da kayan aiki, zai yi ta ƙorafi amma in ka nace zai yi.

Abin ratayar kuma gindinsa katako ne, sandar ƙarfe a tsakiya da hannu biyu a sama. Wata safiya naga baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a katakon daidai inda ruwa ke ɗigowa daga reza, na goge ya ƙi fita. Ok yana da sinadarin tanin da yawa, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema suke jima da ita, in ya haɗu da ƙarfe da ruwa baƙi yake yi, da irin wannan haɗin ma aka daɗe ana yin tawada. In kun lura da jikin tsohuwar ganga zaku ga baƙin layi duk inda ɗamara ta zauna, shi ne dai. Reza ta kwana da ruwa ta ɗan yi tsatsa, ɗigon ya sauka inda shafi ya yi sirara, shikenan an buga maka tambari. Notin da ke ƙasa ma baƙin ƙarfe ne, shima ya zana wa kansa zobe, wannan kam ganganci ne daga mai irin sanin Kawu kuma na faɗa masa. Ƙari a kan haka gindin a shafe yake zaune a kan sinki, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kwana babu iskar da zata busar. Ya fitar da tabon da wani farin garin asid da kafintoci ke wanke katako da shi, ya canza notin zuwa tagulla, ya liƙa 'yan ƙafafun roba guda uku. Aikin da bai kai rabin awa ba, da tun farko a haka yake sayarwa da ba mai dawowa.

Kuɗi. Riyal 420 ya fara muka tsaya a 350, rubuta suna a jiki ƙarin 30 don wani shago yake kaiwa masu leza. Tsada ne? In da na kanti zaka auna eh tsada ne, amma inda nake aski a da riyal 20 ne kai ɗaya, kwalin reza ɗari kuma bai wuce kuɗin aski biyu ko uku ba, mai aske kai duk Juma'a kwalliya zata biya masa kuɗin sabulu. Wanda ya cire kwanon daga lissafi zai samu ragin wajen riyal 80, kuma ni da haka zan yi, in ɗauki reza da buroshi na ganga in bar maganar kwano sai na saj. Alƙawari kuwa sai haƙuri. In yace bukra inshallah, wato gobe, ka ƙara mako a ranka, in azumi ya shigo ko aikin kabad ya faɗo masa ka manta da maganar sai bayan Sallah. WhatsApp ɗinsa jikansa ne ke dubawa, shima sai ya ga dama. Babu kwali babu komai, a jarida ya naɗo min ya jefa a ledar kanti, wanda zai kai wa suruki ko ango ya nemi akwatinsa daban. Amma shayi baya yankewa a shagon, kuma in abu ya samu matsala baya ce maka kai ka ɓata, wannan a kasuwar yanzu ba ƙaramin abu bane.

Masu zuwa Umra da suke cewa in saya musu, kar ku ɗauka da wannan zaku riƙa yi wa juna aski bayan an sauko daga Marwa, ku je wajen masu aski masu lasisi da suke sa wa kowa sabuwar reza, kayan aski ba a aronsu ko tsakanin wa da ƙani, ciwon hanta ta nan yake bi. Masu kai shi gida tsaraba kuma ku sani abin da aka yi shi a laimar Jidda in ya sauka Kano ko Damagaram tsakiyar hunturu sai ya tsotse, haka 'yan Riyad da Madina inda iska a bushe take. Mariƙin reza ba ruwansa, buroshi zai iya jurewa in ba a bar shi a rana ko a cikin mota ba, kwanon ne nake jin tsoro, a ƙara masa mai kafin a tafi da bayan an isa. Rezar kanta kuma ba a shiga da ita jirgi a jakar hannu, ku cire ta daga kan ku sa a babbar jaka tare da kwalin, in ba haka ba a wajen bincike za a karɓe.